Ku Tashi Mu Gaida Masu Gida

'Yan'uwa mazauna Winnipeg da sauran garuruwan Kanada, 'yan Kaduna da Jos da Gombe da Kano da Maraɗi, masu shiga majami'a ranar Lahadi a dunƙule cikin rigunan sanyi, da ku nake magana. Ranar 30 ga Satumba tana tafe. Kada ta same mu a kwance muna murnar samun hutu. Ranar tunawa ce da yaran da aka ƙwace daga hannun iyayensu, kuma da sunan Almasihu aka yi ƙwacen.

Na san amsar da ke bakin wasunmu: "Mu baƙi ne, jiya muka sauka, ina ruwanmu da laifin Turawa?" Ku ɗan saurara tukuna.

Sama da shekara ɗari, gwamnatin Kanada tana ba da kuɗi, ikilisiyoyi suna gudanar da makarantun kwana na 'ya'yan 'yan asalin ƙasa. Yara kusan 150,000 suka bi ta cikinsu: 'ya'yan Kiri da Ojibuwe da Dene, 'ya'yan Inuit, 'ya'yan Metis. A 1920 aka gyara doka, zuwa makaranta ya zama tilas ga yaro daga shekara 7 zuwa 15. A aske wa yaro gashi, a canza masa suna, wani wurin ma a kira shi da lamba, a raba shi da ƙanwarsa, a dake shi in ya yi yaren uwarsa. Yunwa da tarin fuka da lalata da yara sun yi ɓarna. Tun 1907 likitan gwamnati Peter Bryce ya rubuta rahoto cewa yara suna mutuwa da yawa saboda cunkoso da rashin kulawa, aka yi kunnen uwar shegu da shi. Cibiyar da ke adana tarihin nan tana nan kusa da mu, a Jami'ar Manitoba, kuma rajistarta ta yaran da ba su koma gida ba ta haura suna 4,000. Kada wani ya ce tsohon labari ne. Makarantar Gordon da ke Saskatchewan sai a 1996 aka rufe ta. Da yawa daga cikinmu a lokacin mun riga mun gama firamare.

Su wa suka gudanar da makarantun? Katolika ce ke da mafi yawa, sai Anglika, da Haɗaɗɗiyar Ikilisiyar Kanada, da Firesbiteriya. Wato gidajen da yau suka buɗe mana ƙofa, suka ba mu kujera da bargo da tukunya a makonmu na farko, suka ara mana zaure muna yin sujada da Hausa bayan azahar. Mun gode musu, kuma godiyar ba ta baki ba ce. Amma mu mutanen da muka san ƙa'idar gado ne: ba a rabawa sai an fitar da bashi. Wanda ya sa hannu a rajistar ikilisiya, ya zama dattijo a cikinta, ya kai 'ya'yansa makarantar Lahadi, ya ci moriyar ginin da filin, ba zai ce bashin gidan bai shafe shi ba.

Akwai wani abu da ya kamata ya taɓa mu fiye da kowa. Daga Toronto Rowland Bingham da Walter Gowans suka taso, tare da Thomas Kent ɗan Amurka suka isa Najeriya a 1893, aikin da daga baya ya haifi ECWA. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, kakanninmu suka riƙa karanta Zabura da harshen da suka sha a nono. A daidai shekarun nan, a ƙasar da 'yan mishan ɗin suka fito, ana dukan yaro ɗan shekara bakwai don ya kira ƙanensa da yaren Kiri. Duk wanda ya taɓa shan bulala a makaranta saboda ya yi yaren gida ya ɗanɗana kaɗan daga ciki. Kaɗan ƙwarai, domin mu da yamma ko da hutu muna komawa gida mu tarar da yarenmu yana nan da ransa.

Ikilisiyoyin sun nemi gafara, gaskiya ne. Haɗaɗɗiyar Ikilisiya ta fara a 1986 a Sudbury, bayan wata mata 'yar asalin ƙasa, Alberta Billy, ta tashi a gaban shugabanni ta ce lallai sai an nema. Anglika ta bi a 1993 ta bakin Michael Peers, Firesbiteriya a 1994, Firaminista Stephen Harper a majalisa a 2008, Fafaroma Francis kuma sai a Yulin 2022 a Maskwacis. Amma ku lura da amsar da aka bai wa Haɗaɗɗiyar Ikilisiya a 1988. 'Yan asalin ƙasar da ke cikinta suka ce sun ji, sun shaida an nemi gafara, karɓa kuwa sai sun gani a aikace. Ni ban ga taurin kai a nan ba. Na ga dattaku. Mu Kirista muna da saurin cewa "a yafe, a manta", musamman in ba mu aka cuta ba. Wanda aka yi wa laifi shi ke da ikon cewa ya yafe, kuma ba a tsaya masa a kai da agogo. A Matiyu sura 5 Ubangiji ya sa shiryawa da ɗan'uwan da ke riƙe da kai a zuci gaba da miƙa baiko. Mu kuwa kowace Lahadi muna miƙawa.

In kuna son ganin yadda aikin yake, ku buɗe famfon ɗakin girkinku. Ruwan Winnipeg daga tafkin Shoal yake zuwa, ta doguwar hanyar ruwa da aka kammala a 1919. Don a kawo shi aka karɓe filin al'ummar Shoal Lake 40, aka haƙa mashigi da ya mayar da garinsu tsibiri. Da damina su tsallaka a jirgin ruwa, da hunturu su taka ƙanƙara, wasu ƙanƙarar ta fashe da su suka mutu. Daga 1997 har 2021 masu tafkin ba sa shan ruwansu sai an tafasa ko an kawo na gora, birni kuwa yana wanke mota da shi. A 2015 majami'un Winnipeg suka haɗa kai da sauran jama'a, suka riƙa rubuta buƙatar a gina musu hanya a allunan ƙofar coci, inda aka saba rubuta ayar mako. Su mutanen Shoal Lake 40 ne suka yi shekaru suna fafutuka, coci ta zo ta tsaya a bayansu. A 2019 aka buɗe hanyar, a 2021 aka samu matatar ruwa. Ga abin da ikilisiya ke iyawa in ta fito daga cikin bango huɗu.

To, me ake nema gare mu?

Da farko mu gyara bakinmu. Abin kunya ne yadda wasunmu, kafin su cika wata shida a ƙasar, sun riga sun haddace zagin da ake yi wa 'yan asali: mashaya ne, malalata ne, gwamnati ke ciyar da su. Kai da ake bi da ido a kanti saboda launin fatarka, yaya za ka ari wannan bakin? Mutumin da ka gani kwance a titin Main, wataƙila kakarsa ba ta taɓa sanin rungumar uwa ba tun tana 'yar shida. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da rabin yaran da ke hannun masu riƙo a Kanada 'yan asalin ƙasa ne, alhali ba su kai kashi 8 cikin ɗari na yaran ƙasar ba. Rabuwar uwa da ɗa ba ta ƙare da rufe makarantu ba. Kuma mutanen nan ba abin tausayi kaɗai ba ne. Murray Sinclair, alƙalin da ya jagoranci Hukumar Gaskiya da Sulhu, ɗan Manitoba ne. Stan McKay ya shugabanci Haɗaɗɗiyar Ikilisiya daga 1992, Carmen Lansdowne daga 2022 zuwa 2025. Wab Kinew, wanda mahaifinsa ya yi makarantar kwana, ya zama firimiyan Manitoba a 2023.

Dattawa da fastoci, hukumar nan ta fitar da buƙatu 94 a 2015, kuma na 58 zuwa 61 da ikilisiya suke magana kai tsaye. Na 59 ya nemi a koya wa jama'ar kowace majami'a abin da cocinsu ta yi da dalilin neman gafara. Ku sa shi a ajandar taron majalisa na gaba. In a farkon sujada ana karanta cewa muna kan ƙasar Yarjejeniya ta Ɗaya, wadda aka ƙulla a 1871, ku tsaya wata Lahadi ku bayyana wa jama'a me aka yi alkawari da me aka saɓa, kada karatun ya zama kamar sanarwar wurin ajiye mota.

Zumuntar mata, ku ne ke riƙe da teburin abinci bayan sujada, kuma a nan ake gane wa aka karɓa da gaske. Ku gayyaci dattijo ko dattijuwa 'yar asalin ƙasa, ku tambayi yadda ake gayyata a al'adarsu, ku ba da tukuici na mutunci, ku ba su kujerar gaba. In sun fara magana a bar su su gama. Kada wani ya yi wuf da wa'azi, ko ya fara yi wa addu'arsu kallon tsafi. An yi musu wa'azi na shekara ɗari da bulala a hannu. Yanzu lokacin saurare ne. Ma'aji, a ware baikon Lahadi guda don aikin da su da kansu suke jagoranta, na raya harshe ko na warkar da waɗanda suka tsira.

'Yan'uwanmu Musulmi, ba a bar ku a baya ba. Tun Yunin 2021 rantsuwar zama ɗan ƙasa ta ƙunshi amincewa da haƙƙin 'yan asali da yarjejeniyoyinsu. Duk wanda ya ɗaga hannu daga lokacin zuwa yau, ya rantse a kan haka.

Matasa, ku nemo riga mai ruwan lemo. A 1973 kakar Phyllis Webstad ta saya mata irinta don ranar farko a makarantar St. Joseph kusa da Williams Lake, aka tuɓe mata ita ba a mayar ba, tana 'yar shekara shida. Daga labarinta al'adar sa wannan riga ta samo asali a 2013. Ku saya daga hannun 'yan asalin ƙasa, don kuɗin ya koma gida. Ranar 30 ga Satumba ku ɗauko iyayenku da ƙannenku, ku shiga tattakin da ake yi a garinku, ku tsaya a bayan waɗanda suka tsira. A motar komawa gida, ku gaya wa yaran da Hausa abin da suka gani, in sun yi tambaya ku amsa musu.