Yaron da karatu ya gagara ba dolo ba ne

A shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin MSF sun ceto dubbai, sai dai magani na rage dalma a jini ne kawai, ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu.

Ba su kaɗai ba ne. Daga Dosara zuwa Bakura, Maradun da Talata Mafara, akwai yaran da sanƙarau ko doguwar naƙuda ta bari da jinkirin fahimta. Sai mu kira su dolaye, ko mu ɗora wa aljanu, malami kuma ya bi su da bulala.

Alhali akwai ƙwararrun da aikinsu shi ne horar da irin waɗannan yara riƙe alƙalami, sanya tufafi, ƙidayar kuɗi da koyon sana'a. Gwamnatin Tarayya na da makarantar horar da su a Oshodi, Legas. Amma ƙwararre ba ya ganin yaron da ba a tura masa ba.

Don haka nake kira ga gwamnatin Zamfara da ta ɗauki nauyin 'ya'yanta su karanci wannan fanni, ta kuma koya wa malaman firamare da ma'aikatan asibitocin karkara gane alamomin da rubuta takardar turawa. Dokar kare naƙasassu da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi da lafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.