Bagaruwar Sunut Ba ta Turawa Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanen Mayo, a kudancin birnin Kartum, duk lokacin da aka ambaci kiyaye itatuwa da namun daji. Sai a ce wannan aikin Turawa ne da ƙosassu, mai jin yunwa ba ruwansa da tsuntsu. Maganar tana da daɗin ji, balle ga wanda ya sha wuyar yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023. Amma ƙarya ce, kuma talaka take cuta.

A duba dajin Sunut, wanda ke bakin Farin Nilu kusa da Mogran, inda kogin yake gamuwa da Shuɗin Nilu, daura da Omdurman. Sunut shi ne sunan bagaruwa da Larabci. Tun zamanin mulkin Ingilishi aka keɓe wannan daji, aka hana sara. Da damina kogi yakan cika ya shiga cikinsa, bagaruwa kuwa tana iya tsayawa cikin ruwa wata da watanni ba ta mutu ba. Saiwoyinta suna riƙe ƙasar gaɓa, ƙananan kifaye suna girma a tsakaninsu, tsuntsayen da suka taso daga Turai da Asiya suna yada zango a kanta kafin su wuce kudu. 'Ya'yanta, waɗanda Larabawa ke kira garad, da su majema suke jima, da su kuma uwaye suke yi wa yara maganin tari. A cikin shekarun yaƙin nan an sassare yawancin dajin domin itacen wuta da gawayi da katako.

Ba za a ɗora laifi a kan matar da ta karyo reshe don ta dafa wa 'ya'yanta abinci sa'ad da gas ya ɓace ba. Wanda ya zo da zarto da mota ya kwashi gungume domin ciniki, shi ne ya ci rabon jama'a. Tun kafin yaƙi ma masu kuɗi sun sa wa gaɓar Mogran ido domin manyan gine-gine. To, wa zai biya? Mazaunan gidajen jar ƙasa sun san abin da ruwa ya yi wa Kartum a watan Agusta 1988, da kuma a 2020. Lalle daji guda ba zai tare ambaliya ba, amma gaɓar da ba ta da itace ruwa yakan cinye ta, iskar habub kuma ba ta samun abin da zai rage mata ƙura. Mai bene yakan rufe tagarsa. Masunci da majemi da mai ɗakin laka ba su da tagar rufewa.

Wanda har yanzu yake ganin zancen na ƙosassu ne, sai ya dubi kisrar da ke gabansa. A Wad Madani akwai rumbun iri na ƙasa, inda aka adana samfuri fiye da 15,000 na dawa, gero, riɗi da sauran amfanin gona da manoman Sudan suka yi ta zaɓe tun kaka da kakanni. Wani iri yana jimre fari, wani yana nuna da wuri, wani ba ya jin tsoron wuta-wuta. Da yaƙi ya kai garin a Disamba 2023, aka wawashe rumbun. Da ƙyar ma'aikata suka ceci wani kashi, aka kai shi babbar ma'ajiyar iri ta Svalbard a ƙasar Norwe a 2025. Irin da ya ɓace, ba attajirin da zai iya sayo shi, gama ba kasuwar da ake sayar da shi.

Haka ya faru da karkanda mai suna Sudan, wanda aka kama a Shambe a 1975. Ya mutu a Kenya ran 19 ga Maris 2018, shi ne namiji na ƙarshe na fararen karkandan arewa. Mata biyu kaɗai suka rage.

Abin mamaki shi ne jin wannan raini a bakin masu bi. Kowane yaro a makarantar Lahadi ya san cewa Nuhu bai ɗauki tumaki da shanu kaɗai ba. Har dabbobi marasa tsarki, waɗanda ba a ci, an ba su wuri a jirgi, a lokacin masifar da ta fi kowane yaƙi. Ba a ce masa ya jira ruwa ya janye tukuna ba.

Aikin kuwa ba ya bukatar kuɗin waje. Ƙwayar bagaruwa tana da ɓawo mai tauri. A zuba mata ruwan zafi, a bar ta ta kwana a ciki, a shuka a tsohon gwangwani, cikin 'yan kwanaki za ta tsiro. Ikkilisiyar da ke da fili da katangar hana awaki shiga tana iya renon ɗaruruwa kafin damina ta gaba, zumuntar mata da matasa kuma su raba ranakun ban-ruwa a tsakaninsu.