Fa'idodi da Illolin Haɗa Rumbun Littattafai

Manoman Ɗan Saga, a gundumar Agye, sun yi suna har ƙetare kan sassabin zamani, wato kyale toho ya girma a gona maimakon a sare shi. Masu bincike sun zo, sun ƙirga gawo da kalgo da sabara, sun koma sun rubuta. Da yawa daga rubuce-rubucen sun fito ne a mujallun Turai da Amurka, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗakin karatu guda. Haka littafin Guy Nicolas na 1975 kan Hausawan ƙasar Maraɗi: a Faris aka buga shi, ɗan Tibiri kuwa sai ya yi da gaske kafin ya riƙe shi a hannu.

Nan haɗin gwiwa ya yi rana. A 2002 hukumar lafiya ta duniya ta buɗe HINARI, rumbun mujallun bincike a intanet, a 2003 hukumar abinci ta FAO ta biyo da AGORA, da hannun ɗakunan karatun jami'o'in Yale da Cornell da kamfanonin ɗab'i. Nijar na cikin ƙasashen da aka yafe wa biya. Ke nan ɗalibar Gazawa da ke karatun noma a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana iya karanta abin da aka rubuta kan gonakin ƙasarsu ba tare da ta hau motar Yamai ba. Rumbun DICAMES kuma, na hukumar ilimi mai zurfi ta CAMES da ke Wagadugu, yana tara kundayen bincike, don kada wani ya ƙare shekara biyu yana huɗar da aka riga aka yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban yarda da masu raina shi ba.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A farkon 2011 wasu kamfanoni suka janye mujallu kusan 2,500 daga masu karatu ta HINARI a Bangaladash, sai da aka yi ca a kansu suka mayar. Wanda ya daina cika kantarsa don ya dogara da makullin wani, ranar da aka canza kwaɗo ba shi da ta cewa.

Makullin ma hukuma ake ba wa, ba mutum ba. Malamin makaranta a wani ƙauyen Gidan Rumji, mai fama da rashin wuta da yankewar intanet, ƙofar ba ta buɗe masa ba. Mafi yawan mujallun da Ingilishi suke, ɗalibinmu kuwa da Faransanci ya tashi. Manomin da aka auna gonarsa fa? Shi ko labarin abin da aka gano ba lalle ya ji ba. Akwai kuma kwafe, wanda sauƙin samu ya ƙara wa ƙarfi, ko da yake rumbun da ya sauƙaƙa satar shi ke tona ta.

Da za a tambaye ni, da na ce a waiwayi kudu. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya da na Jami'ar Bayero a Kano suna ɗauke da kundaye kan harshe da tarihi da noman ƙasar Hausa, wasunsu da Hausa aka rubuta su. Rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 ya tsayar da mai ɗauke da littafi a Jibiya, amma kundin da aka ɗauki hotonsa aka turo ta waya babu jami'in kwastan da zai tare shi.