A Bar Manomi Ya Ce Abin Ya Yi Masa Ciwo

A damunar 2022, lokacin da Kogin Haɗeja ya cika ya batse, na bi wasu dattawa zuwa jaje wurin wani kawuna a yankin Auyo. Shinkafarsa ta fara fitar da kai ke nan ruwa ya shanye ta, har da takin da ya ciwo bashi ya zuba. Mun tarar da shi a zaure kan tabarma, idanu jawur. Ya ce, "Wallahi abin nan ya yi mini ciwo, ko barci ba na..." Bai ƙarasa ba aka tare shi ta ko'ina. Wannan ya ce, "Haba Malam, kai da kake babba!" Wancan ya ce, "Gode wa Allah, wasu har gidajensu sun rushe." Sai ya haɗiye sauran maganar, ya ƙaƙaro murmushi, ya ce, "Ba komai, alhamdu lillahi." Muka shafa fatiha muka tashi, kowa yana ganin ya sauke nauyi. Ni kuwa har yau zuciyata tana gaya mini mun zalunce shi.

Mun ɗauki haƙuri mun mai da shi murfin tukunya. Da mutum ya fara faɗin abin da ke cinsa sai mu kifa masa, domin kukansa yana takura mana mu masu sauraro. Namiji ma abin ya fi yi masa tsanani: tun yana yaro ake ce masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanzu kuma ga masu zaburarwa na Facebook da WhatsApp, masu cewa ka yi tunani mai kyau kawai, komai zai daidaita. Wanda ya kwana yana cika buhu da ƙasa don ƙarfafa jinga, kamar yadda matasan Haɗeja suka yi a 2020 da 2022, gari ya waye ya ga gonarsa ta zama tafki, wane tunani mai kyau ne zai biya masa bashin taki?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke jingina wannan ɗabi'a ga addini. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi ba su ɓoye ta ba, sunanta ma shekarar baƙin ciki. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da tuhumar hukuncin Ubangiji. Hawaye da ƙuncin zuciya suna zama tare da imani a ƙirji ɗaya, ba sa korar juna. To daga ina muka samo cewa mumini ba ya cewa "na ji ciwo"?

Akwai kuma fushi, wanda muka fi saurin kashewa. Ambaliyar yankinmu ƙaddara ce, amma ƙaddarar tana da sababi da ake gani da ido. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya. Ruwan da a da yake janyewa da rani ya koma kwanciya duk shekara a wurare da yawa, ciyawar kacala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗeja zuwa Kirikasamma da Guri har fadamun Nguru. Ruwa ya rasa hanya, sai ya faɗa gonaki da gidaje. Manomin da ransa ya ɓaci a kan haka bai yi saɓo ba. Ɓacin ran nan shi ke sa mutane su haɗa kai su tambayi wakilansu yaushe za a yashe kogi. Idan muka koya wa kowa cewa "ba komai", to waɗanda alhakin gyaran ke wuyansu su ma za su ce ba komai.

Na san masu cewa "sai haƙuri" ba mugunta suke nufi ba. Ni ma na faɗa, zan kuma sake faɗa, don kalma ce mai albarka. Lokacinta nake magana a kai. A bar mutum ya amayar da abin da ke cikinsa tukuna, a ce masa, "Lalle an yi maka babbar asara," sannan addu'a ta biyo baya. Idan kuma aka ga makonni sun wuce ba ya ci, ba ya barci, ya daina fita majalisa, a raka shi asibiti, domin ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini.

Bayan sati biyu na koma wurin kawun nawa ni kaɗai. Na ce, "Kawu, rannan ba a bar ka ka ƙarasa ba." Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya fara lissafo buhunan da ya sa rai, da bikin 'yarsa da ya ɗaga, da kunyar haɗa ido da mai taki a masallaci. Ya share ido da bakin rigarsa har sau uku. Ban ce masa komai ba har aka kira sallar isha'i.