Takardun Gidan Mahaukata

A shekarar 1907 Gwamnatin Turawa ta buɗe gidan mahaukata a Yaba, cikin Ikko, a wani tsohon gini na ma'aikatar jirgin ƙasa, bayan wanda aka riga aka buɗe a Kalaba. A nan Arewa kuwa galibi sai a kai mai taɓin hankali gidan yarin En'e, a ware masa ɗaki kusa da ɓarayi. Duk wanda aka shigar akan rubuta sunansa da garinsu da dalilin kawo shi. Da yawa daga waɗannan takardu suna nan a gidajen ajiye takardun tarihi na ƙasa, na Badun da Kaduna da Inugu, kuma a kansu muke so mu jawo hankalin Gwamnati da jama'a yau.

Abin da suka nuna ba mai daɗin ji ba ne. Gidajen nan na tsarewa ne, magani kaɗan ne a cikinsu. Mutane sun yi wa ɗakuna yawa, waɗansu suna cikin mari. Likita Bruce Home ya zaga a 1928 ya rubuta rahoto a kan wannan hali, amma kuɗin gyara ya ƙi fitowa.

To, amma a tsakanin rahotannin likitoci da na Razdan akwai wata irin takarda dabam, watau wasiƙun dangi. Wani Ba'amurke masanin tarihi, Jonathan Sadowsky, ya bi takardun Yaba da na Aro ya wallafa littafi a kansu a 1999, mai suna Imperial Bedlam. A cikin irin waɗannan fayiloli ake ganin dangi suna roƙon hukuma ta sako musu ɗan'uwansu, su ɗauki nauyinsa, su nema masa magani a gida. A tuna fa, a wancan zamani mafi yawan talakawa ba su iya rubutun boko ba. Kafin wasiƙa guda ta isa ofis sai mutum ya nemi mai rubutawa, ya biya shi, ya sayi kan sarki, sa'an nan ya zauna jiran amsar da watakila ba za ta zo ba. Wanda ya yar da ɗan'uwansa ba ya shan wannan wahala.

Mu a ganinmu nan ne darajar takardun take. An daɗe ana cewa mutanenmu ba su san abin da za su yi da mahaukaci ba sai su ɗaure shi ko su sake shi kasuwa. Lalle ana yin haka, har yanzu ma, kuma abin kunya ne. Amma wasiƙun sun shaida cewa tun farko akwai iyalan da ke bin sawun nasu, suna tambayar yadda ake riƙonsa.

Likita Thomas Adeoye Lambo ya gane wannan. Da ya kama aiki a Aro, kusa da Abekuta, a 1954, sai ya shirya da ƙauyukan da ke kewaye su sauki marasa lafiya a gidajensu. Kowane majiyyaci yakan zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa, ta dafa masa abinci, ta yi masa wanki, ta raka shi asibiti da safe. Shirin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da dangi suka yi shekaru suna roƙo a takarda, shi ne likita ya mai da hanyar magani.

Tsohuwar dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta zauna har watan Janairu 2023, sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tabbatar wa majiyyaci haƙƙinsa. Madalla. Sai dai masu aiki da sabuwar doka suna bukatar sanin inda aka yi kuskure a dā, kuma takarda ba ta jure gara da zafi da damina har abada.

Don haka muna roƙon Gwamnati ta ware kuɗi a tattara waɗannan fayiloli, a ɗauki hotonsu a ajiye cikin kwamfuta, musamman na lardunan Arewa da ke Kaduna. A buɗe su ga masu bincike, amma da sharaɗin a rufe sunaye, gama jikokin mutanen nan suna da rai, kuma kowa ya san yadda kalmar hauka ke hana aure a gari. Asibitocinmu na yau kuma, na Kaduna da Kware da Maiduguri, su riƙa ajiye koken dangi cikin fayil ɗin majiyyaci, tare da amsar da aka ba su da ranar da aka ba da ita.