Tumbi ya fi sikeli faɗin gaskiya

Duk wanda ya je ganin likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko a ɗakin shan magani na unguwa a cikin garin Bauchi, ya saba da hawa sikeli da miƙa hannu a auna jini. Abin da ba kasafai ake yi masa ba shi ne a zagaya cikinsa da tef ɗin awo, alhali wannan awon ya fi nauyin jiki nuna wanda ciwon suga da ciwon zuciya ke yi wa kwanton ɓauna. Ina ganin lokaci ya yi da awon ƙugu zai shiga aikin yau da kullum a asibitocinmu, domin wurin da kitse ya taru ya fi yawansa muhimmanci.

Kitsen da ke kwance ƙarƙashin fata a cinyoyi da ɗuwawu ajiya ce mai zama lafiya. Na cikin tumbi kuwa, wanda ke naɗe da hanji, jininsa kai tsaye yake kwarara zuwa hanta, ɗauke da maiƙo da sinadaran da ke haddasa kumburi. Hanta ta cika da kitse, jiki ya daina jin umarnin insulin, suga ya hau, hawan jini ya biyo baya. Tun a 1947 wani likitan Faransa, Jean Vague, ya lura cewa masu ƙibar ciki sun fi masu ƙibar ƙasan jiki kamuwa da ciwon suga. A 2005 binciken INTERHEART, wanda ya shafi mutane kusan 27,000 a ƙasashe 52, ya nuna cewa kwatanta faɗin ciki da na ɗuwawu ya fi lissafin nauyi da tsawo hango bugun zuciya. Akwai kuma wata hujja da ta fi kama mini hankali: a 2004 masu bincike a Amurka sun zuƙe wa wasu mata kitsen ƙarƙashin fata mai yawa ta hanyar tiyata, nauyinsu ya ragu, amma suga da hawan jininsu ba su gyaru ba, saboda ba a taɓa kitsen ciki ba.

Wannan ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, magidancin da ƙafafunsa sirara ne amma ya ajiye tumbi, sikeli na iya cewa lafiyarsa lau. Babbar riga ta rufa masa asiri, abokai a majalisa suna ce masa "Alhaji, hutu ya karɓe ka." Ya karya da masa da shayi mai kauri, ya hau mota ko Keke Napep zuwa shago a Wunti ko Muda Lawal, ya wuni zaune, ya sha lemon kwalba, da dare a kawo tuwo. Ba masar Bauchi nake zargi ba, kakanninmu sun ci ta, amma sun ci ne suna noma suna tafiya a ƙasa. Ta biyu ta fi tayar da hankali: 'yan mata da amare masu shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi, irin su dexamethasone, a ciki da fuska da bayan wuya suke tara kitse, su zaizaye naman cinya da dantse, su tayar da suga. Yarinya ta sayi cikar jiki don kwalliya, sai ta samu ainihin ƙibar da ta fi kowace haɗari.

Wani zai ce ai ma'aunan da ake amfani da su, wato santimita 94 ga maza da 80 ga mata, a jikin Turawa aka samo su. Gaskiya ne, kuma bincike ya nuna cewa baƙar fata sau da yawa ba su kai Turawa kitsen hanji ba ko da faɗin cikinsu ɗaya ne. Amma wannan dalili ne na a yi namu binciken, kuma ba za a yi shi ba sai an fara auna mutane ana rubutawa. Asibitin koyarwa da ke karɓar marasa lafiya daga duk faɗin jihar ya isa ya tara irin waɗannan alƙaluma. Kafin nan akwai ƙa'ida mai sauƙi da hukumar NICE ta Ingila ta amince da ita a 2022: kada faɗin ciki ya kai rabin tsawon mutum. Ko igiya ta wadatar. A auna tsawo da ita, a ninka ta biyu, a zagaya ciki tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu bayan an fitar da numfashi. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, a je a gwada suga da jini.

Wani kuma zai ce a ƙasar da tamowa ke kashe yara, maganar tumbi ta masu ƙoshi ce. Amma abinci mai araha a yau shi ne taliya da burodi da suga, don haka talakan birni bai tsira ba, kuma shi ne wanda kuɗin insulin ko wankin ƙoda zai durƙusar da gidansa. Maganar kunya ita ma tana da magani: mace ta auna mace, namiji ya auna namiji, yadda ake yi wajen awon ciki.

Kitsen tumbi yana cikin wanda ke saurin narkewa idan aka dage da tafiya da sauri minti 30 a yawancin ranakun mako aka kuma rage zaƙi, sau da yawa tun kafin sikeli ya motsa. Mai kallon sikeli kaɗai zai karaya ya bari, mai riƙe da tef zai ga ci gaba. Abin da ya rage shi ne Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Bauchi ta raba tef ga kowane ɗakin shan magani, ta kuma ƙara gurbin awon ƙugu a katin mara lafiya.