Kafin Ƙwallaye 18: Wa Zai Rubuta Labarin Ƙasan Tsani?



Idan aka ambaci Ahmed Musa, yawancinmu daga ƙololuwa muke ɗauko labarinsa: ƙwallaye biyu a ragar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014, wasu biyun a ragar Iceland a 2018. Amma da rarrafe yaro kan tashi. A Jos aka haife shi a 1992, ya taso a makarantar koyon ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH, sannan ya zo Kano Pillars, inda ya zura ƙwallaye 18 a kakar 2009/2010. Ko da VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta neme shi, sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010, domin dokar FIFA ta hana cinikin ƙananan yara zuwa ƙetare. Daga nan ya koma CSKA ta Mosko a 2012, sai Leicester ta Ingila a 2016. Can ɗin ma ba ta yi masa daɗi ba, har aka mayar da shi Mosko aro a 2018.

Ra'ayinmu a nan shi ne, mu marubutan Hausa mun yi wa ƙasan wannan tsani riƙon sakainar kashi, kuma sakacin yana cutar da yaranmu.

A Amurka, matashin da ya yi fice a baseball, wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki, yawanci sai ya bi ƙananan gasanni hawa-hawa kafin ya kai babbar gasa, kuma duk abin da ya yi a kowane wasa a rubuce yake. Mu ma muna da namu hawan a ƙwallon ƙafa: NLO, sai NNL, sai NPFL. Amma a ƙarƙashinsu akwai wasannin unguwanni da ƙauyuka, inda komai ke farawa. Yaron da ya ci ƙwallo uku jiya da yamma a filin makaranta a Dagumawa, wa ya rubuta? Labarin yana bakin 'yan kallo, bayan sati guda ya bi iska.

Illar a fili take. Yaron da ƙarshen labari kawai ya sani, gani yake daga filin unguwa sai jirgi. Mahaifinsa ma haka. Shi ya sa idan wani dillali ya zo da daɗin baki da hotunan Turai a waya, sai a sayar da gona, ko a kora saniya kasuwar kara ta Wudil, a damƙa masa kuɗin. Da iyalin sun karanta cewa Ahmed Musa kansa sai da ya fara cika raga a gida, kuma doka ta sa shi jira, da sun yi wa dillalin tambayoyin da zai kasa amsawa.

Wani zai ce ƙwallo ba adabi ba ce. To me adabi ke nema da babu shi a nan? Ga uwa mai addu'a, ga uba da ke son ɗansa ya riƙe karatu, ga kocin da ke saya wa yara ruwa daga aljihunsa, ga gwiwar da ta goce ta tafi da burin shekara goma. Waɗanda ba su kai ba sun fi waɗanda suka kai yawa nesa ba kusa ba, kuma su ma labarinsu abin rubutawa ne.

Don haka ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauki littafi da biro ya je filin da ya fi kusa da shi. Mu rubuta rana, da ƙungiyoyin da suka kara, da yadda aka tashi. Mu tattauna da koci, mu nemi izinin iyaye kafin mu sa sunan yaro, kuma kada mu rage masa shekaru ko mu ƙara wa labarin gishiri. Shafi ɗaya ya isa, mu kawo shi mu gyara wa juna.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.